Keken Kawu a Gaban Layi

Ranar Asabar da yamma, ina rufe injin fotokwafi da zaninsa, Anti ta ce min, "Jibi Litinin, in na zo ƙarfe bakwai ban tarar da ƙofar nan a buɗe ba, ki miƙo min makullina ki kama gabanki."

Ba ta ɗaga murya ba. Anti ba ta ɗaga murya, agogo take ɗagawa. Tana da wani ɗan ƙaramin agogon hannu mai ruwan gwal, in za ta yi miki faɗa sai ta miƙo shi daidai hancinki ta yi shiru, ta bar ki ke da shi ku daidaita.

Anti uwar ɗakina ce, ita ke da shagon buga takardun da ke bayan kotu. Ni ke buɗewa, ni ke shara, ni ke zama gaban kwamfuta ina buga wa mutane takardun rantsuwa da na koke da na canjin suna. Masu shari'a da wuri suke zuwa, kowa na son takardarsa a hannu kafin takwas, to in ƙofarmu na rufe sai su tsallaka shagon da ke kallonmu. Wannan tsallakawar ce Anti ba ta iya haɗiyewa, kuma a watan nan sau huɗu aka yi ta a kan idonta.

Ni kuma aikin nan ba tsintarsa na yi a hanya ba. Makaranta a tsakiya ta tsaya min. Bugun kwamfuta a kan kwalin sabulu na koye shi, na zana haruffan da biro, na yi wata uku ina danna kwali har ya huje. Yanzu ko kallon hannuna ba na yi. In an tashi, Anti kan bar ni rabin awa in koyi abin da nake so a kwamfutar, kuma kusan duk abin da ke kaina daga wannan rabin awar ya fito. Ga wani ɗan 'yar'uwarta can yana jiran kujerar, yana da takardar shaidar kwamfuta har da jan hatimi, yana bugu da yatsa biyu kamar kaza na tsintar tsaba.

Na ce, "Anti, wallahi bas ce."

Ta ce, "Bas na ɗauka aiki ko ke?"

Gaskiyarta. Amma bari in gaya muku halin bas ɗin unguwarmu. Gidanmu can ƙarshen gari yake, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Bas ba ta tashi sai ta cika. In kin fito biyar da rabi, zama za ki yi a ciki ki jira masu fitowa shida, wato sammakonki bai ƙara miki komai ba sai zaɓen kujera. Kwandasta tun ina ƙarama yake cewa "saura mutum ɗaya," har yau mutumin bai iso ba. In ta cika, sai direba ya tuna bai sha mai ba. In ya sha mai sai babbar gada, inda duk motocin gari ke haɗuwa su gaisa su tambayi iyali. Akwai ranar da wata tsohuwa da sandarta ta wuce mu a bakin gadar, muna tsakiya muka sake haɗuwa da ita tana dawowa, ta gama abin da ta je yi.

Lahadi da safe na tafi wurin Kawu. Ƙanin Mama ne, faci yake yi a bakin titi, kuma a rumfarsa na yi rabin ƙuruciyata ina miƙa masa sifana. A saman rumfar akwai wani baƙin keke a rataye, wanda mai shi ya kawo gyara tun kafin a yaye ni, bai sake waiwayowa ba.

"Kawu, ara min wancan."

Ya ɗaga kai ya dube shi, ya dube ni. "'Yar nan, wancan ai ba keke ba ne, ƙyauren gida ne aka sa wa taya."

"Yana tafiya?"

"In an lallaɓa shi."

Mu biyu muka sauko da shi muna nishi. Muka ba sarƙa mai, muka ba taya iska. Giyarsa ɗaya tal. Birkin baya sai ya ga dama. Ƙararrawa ce kaɗai ke da cikakkiyar lafiya, in kin taɓa ta har a lungu na uku sai an waiwayo. Kawu ya ƙara min da wata hular kwano ruwan ɗorawa, irin ta masu aikin gini, ya ce kai ɗaya gare ni. A ranar na gwada hanya, na bi ta lunguna na haye 'yar gadar masu ƙafa da ke ƙasan babbar gada. Awa ɗaya da minti biyar. Na ce to, in na fita shida saura kwata na tsira har da canji.

Ban sa Mama a lissafi ba.

Litinin da asuba na fito da keke tsakar gida, sai ga ta da kular abincina da igiya.

"Kin sa wando a ciki? Ɗaure rigar nan kar sarƙa ta cinye ta. Ba haka ba, juyo nan."

"Mama, lokaci."

"Lokacin ne zai ba ki abinci da rana?" Ta ɗaure kular a kariyar bayan keke ƙulli uku, sannan ta tuna ba ta sa cokali ba, ta kwance, ta shiga ɗaki, ta dawo, ta sake ƙulli uku. "In kin ga babbar mota ki sauka ki ba ta hanya."

"In na yi haka sai Laraba zan isa."

"Ki isa Laraba da ƙafafunki biyu."

Sai shida saura biyar na bar ƙofar gida. Canjin nan ya tafi, saura daidai wa daida.

Tsakanin unguwarmu da babban shataletale akwai wani dogon titi, fili hagu fili dama. Jiya da na bi shi lafiya lau muka rabu. Yau sai na tarar da iska ta tare hanya kamar ta san da zuwana. Ina taka feda, iska na tura ni baya, rigata ta kumbura kamar buhu. Na zaro waya na duba: shida da kwata, ga ni a inda ya kamata in wuce tun minti goma baya. Na fara tsara yadda zan miƙa makullin. Na yanke shawarar da hannu biyu zan miƙa, in ce na gode, in yi kukan a bas.

Sai na ji wata ƙara a bayana kamar tarin zuma. Kafin in waiwaya sun fara wuce ni, bibbiyu bibbiyu, a jere kamar an auna da igiya. Kekunansu sirara, tayoyin ba su fi yatsana ba. Kayan jikinsu sun ɗame su kamar zuba su aka yi a ciki aka ɗinke. Kowa da baƙin tabarau, rana kuwa ko niyyar fitowa ba ta yi ba. A bayan kowace riga an rubuta SHAHUNAN ASUBA. Can baya wata mota na biye da su a hankali, fitilunta na ƙyaftawa, an jera mata tayoyin keke a kai.

Na ƙirga su don in rage wa kaina baƙin ciki. Goma sha tara. Na ƙarshe shi kaɗai ne a layinsa, wani mai ƙiba, gefensa ba kowa. Yana gifta ni sai na ji iska ta ɗauke ɗif, keken Kawu ya yi sauƙi kamar an sauke masa buhu biyu. Na taɓa karanta wannan a rabin awata, cewa na gaba ke shan iska na baya ya huta, amma ban yarda ba sai ranar. Ban yi shawara da kowa ba, na taka da ƙarfi na cusa kaina a gurbin nan. Direban motar har ya ja baya ya ba ni wuri.

Mai ƙibar ya juyo ya dube ni daga hular gini har silifas. Na shirya jin kora.

"Barka da asuba, ƙanwata. Manaja ake ce min."

Ban tambayi manajan mene ne ba, numfashina bai kai nan ba. Na ce, "Barka, Yallaɓai."

Ya ƙura wa keken ido. "Ƙarfe zalla?"

"Zalla."

"Kilo nawa?"

"Mutum biyu ke ɗaga shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya gano asiri. "Na ji labarin wannan tsarin. Manyan 'yan tseren waje haka suke horo, da nauyi. Giya ɗaya kuma. Kai! Wannan na baya fa, shi ma nauyi ne aka ƙara?"

"Abincin rana ne."

"Madalla. Komai a lissafe." Ya ɗan shafa kan kekensa. "Nawa kilo bakwai ne. Watan jiya na sa aka canza min sirdi, na rage giram ɗari biyu."

Na kalli sirdin, iya abin da ake gani a ƙarƙashinsa. Na kalli tumbin da ke tafe a kan cinyoyinsa yana gaisawa da gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "An ga alama."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce na yi dace, yau Litinin ranar hutun ƙafa ce, a hankali suke tafiya. Ni kuwa a hankalin nan nasu ya kusa raba ni da huhuna, amma fitilun titi sai wucewa suke da saurin da ban taɓa gani ba sai a mota, kuma minti gomana da suka ɓace suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Har na fara jin wani daɗi yana tasowa daga ƙirjina. Na danne shi, kar murna ta koma ciki.

Can sai na ji usur. Mutum biyun da ke kan gaba suka buɗe, ɗaya hagu ɗaya dama, suka bar layi ya wuce su, suka dawo bayanmu. Na ce gajiya suka yi, Allah sarki. Jim kaɗan wani usur, wasu biyun suka dawo baya. Sai da aka yi haka sau biyar na lura mutanen da nake fakewa a bayansu raguwa suke yi. Ashe karɓa-karɓa suke da iskar, kowa sai ya sha rabonsa. Ni da na shigo cin arziki, layi na ta tura ni wurin biyan haraji. Fita kuma babu hali, taya a gabana taya a bayana, tsakani bai fi tafin hannu ba.

Mai usur ɗin wani dogo ne da jar hula, Manaja ya ce shi ne Kyaftin. Da nasa layin ya buɗe, ya gangaro ta gefena ya dube ni ta cikin tabarau, ya dubi Manaja, ya yi gaba da komawa baya bai ce uffan ba. Daga baya na ji dalili. A ƙungiyar ba a tambayar baƙo wa ya kawo shi, wai ƙasƙanci ne ga wanda ya gayyato. Kyaftin ya ɗauka baƙuwar Manaja ce ni. Manaja ya ɗauka baƙuwar Kyaftin ce.

A usur na tara, na ga titi fetal a gabana, iska ta dawo ta mare ni. Ni ce a gaba, ni da Manaja, ga babban shataletale yana matsowa.

"Kin yi sa'a, ƙanwata," in ji Manaja yana haki. "Ranar farko!"

Ban gane ba, ban kuma nemi ganewa ba. Na ga dai nan hanyata ta rabu da tasu, na gode musu a zuci, na kaɗa ƙararrawa, na karya dama na faɗa lungun kafintoci.

Sai na ji zumar nan ta biyo ni.

Dokarsu ce, ita ma daga baya aka karanta min. Duk Litinin, wanda shataletale ya riska a gaba ta hannun dama shi ke zaɓen hanyar ranar, ba musu, ba tambaya. Kyaftin da kansa ya rubuta ta, wai don a koyi biyayya. Shekara uku ana yi, kowa titin filin jirgi yake zaɓa, don shi ne mai santsi kuma hoto ya fi kyau a can.

Suna da wata al'adar kuma: na gaba in ya ga matsala a hanya sai ya faɗa, na baya ya karɓa ya miƙa, har ƙarshen layi. Da yake ni ban sani ba, Manaja ya ɗauke min aikin.

"Rami!" in ji Manaja.

"Rami! Rami! Rami!" layi ya amsa har baya.

"Rami kuma!"

"Kuma! Kuma!"

"Katako! Kwata! Akuya!"

"Akuya! Akuya!"

"Tsoho da buta!"

Tsohon ya manne da bango yana kallon mutum goma sha tara suna wucewa, kowa na sanar da shi. Da muka fita lungun kafintoci muka shiga na bayan tasha, Manaja ya daina rarrabewa, ya koma cewa "Komai! Komai!" Keken Kawu kuwa nan ya san gida ya zo. Ramin da ke sa siraran tayoyi kuka, shi ko a jikinsa. Mata masu shara suka tsaya da tsintsiya a hannu. Wani mai shayi ya ɗaga ludayi ya yi mana kirari. A bayana na ji wata mace tana ta dariya har da tari.

Muka haye 'yar gadar masu ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai na ga babbar gada a sama, motoci a tsaye cik, har na hango bas ɗin unguwarmu da ƙofarta ɗaure da waya. Na kaɗa mata ƙararrawa sau biyu. Ba kyau, na sani.

Mun sauka daga gadar ke nan aka busa usur mai tsawo.

"Tsaya! Tsaya! Tsaya!" Wannan karon daga baya saƙon ya taho.

Ni ban ga abin da ya shafe ni ba, na ci gaba da takawa, sai na ji keke ya ƙi gaba. Manaja ne ya riƙe kariyata.

"Doka ce, ƙanwata. In ɗaya ya tsaya, kowa ya tsaya."

Na duba waya. Bakwai saura minti ashirin da ɗaya. Daga nan zuwa shago jiya minti sha bakwai na yi, da hawan tudun kotu a ciki. Minti huɗu ne rarata a duniya.

Sarƙar Kyaftin ce ta zame ta cushe tsakanin ƙarfen keke da haƙoran giya. Ya taho yana tura keken, takalmansa masu ƙarfe a ƙasa suna ƙwas ƙwas, yana tafiya kamar agwagwa a kan siminti. Ya cire tabarau.

"Wace irin hanya ce wannan? Manaja, baƙuwarka ba ta san tsari ba ne?"

"Baƙuwata? Ba taka ba ce?"

Kyaftin ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa na girgiza hula.

"To ke wace ce? Wa ya kawo ki?"

"Iska ce ta kawo ni, Yallaɓai. Aiki za ni."

Mai dariyar nan ta sake fashewa. Wata babbar mace ce, furfura ta leƙo ta gefen hularta, su kuma suna ce mata Likita. Ta dafa sirdi tana share hawaye. "Shekara uku ina roƙon a canza hanya. Ashe sai an samu mai zuwa aiki."

Kyaftin bai yi dariya ba. Ya zaro waya ya kira makanikensu. Makanike na cikin mota, mota ba ta shiga lungu, saboda haka ta bi babbar gada. Makaniken ya ce yana ganinmu ma daga sama, yana ɗago hannu. Kowa ya buɗe 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdinsa, kayan gyara suka fito sababbi fil, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Mutum shida suka durƙusa gaban sarƙar. Ɗaya ya ce a ja gaba, ɗaya ya ce a ja baya, ɗaya ya buɗe bidiyo a waya yana jira ya buɗe.

Manaja ya saki kariyata ya tafi ba da shawara. Hanya a buɗe take, ba mai kallona. Na ɗora ƙafa a feda. Sai na waiwaya na ga mutum goma sha tara a tsakiyar lungun da ko sunansa ba su sani ba, cikin kayan da ba aljihun kirki, yara sun fara taruwa. Ni na shigo da su. Ban gayyace su ba, amma ni na shigo da su.

Na jingine keke, na kwance ƙullin Mama guda uku, na zaro cokali.

"Ku matsa."

"Kin san nawa keken nan yake?" in ji Kyaftin.

"A'a. Amma na san ba ya tafiya."

Na kifa shi a kan sirdinsa, wani ya yi salati. Na tura 'yar ƙafar giyar da ke tayar baya gaba don sarƙa ta saki, na zura bayan cokali na ɗago ta daga inda ta maƙale. Ta yi gardama, don mutum shida sun riga sun ja ta ta ko'ina. Na bi ta a hankali, haƙori ɗaya bayan ɗaya, yadda Kawu ke yi yana zagin mai keken a ransa. Na juya feda da hannu, taya ta yi kuka mai daɗi. Manaja ya tafa shi kaɗai.

Na duba waya da baƙin hannu. Bakwai saura sha uku.

Na tsaya ina kallon lambar. Ban yi niyyar fuskata ta nuna komai ba, amma Likita ta matso.

"'Yata, ƙarfe nawa ake jiranki?"

"Bakwai. In na wuce da minti ɗaya, aikin ya tafi."

"Daga nan minti nawa ne?"

"Sha bakwai. Akwai tudu."

"Kwalta ce?"

"Daga ƙarshen lungun nan har ƙofa."

Ta juya. "Kyaftin, hutun ƙafa ya ƙare."

Kyaftin ya dubi sarƙarsa, ya dubi cokalina, ya mayar da tabarau. Da ya buɗe baki kuwa, sai na ga ashe usur ɗin ba ado ba ne kawai. Ya ce huɗu masu ƙarfi su shiga gaba su fasa iska. Biyu su riga mu zuwa kowace mararraba su tare motoci. Ni a tsakiya. Likita a damana, wani dogon saurayi a haguna. Sannan ya nuna kular. "A rage mata nauyi." Ba wanda ke da kariya sai ni, saboda haka ya rataya ta a kan kekensa da kansa.

Muna hawa kwalta ya busa.

Ban san keken Kawu na da wannan gudun a cikinsa ba, ina jin shi ma bai sani ba. Komai na jikinsa ya ɗauki ƙara, ƙararrawa na kaɗa kanta. Iska ko ɗigo ba ta taɓa ni, bayan mutane ne ta ko'ina. A mararrabar farko na ga 'yan gabanmu biyu sun ɗaga hannu, wata babbar mota ta tsaya tana huci, muka wuce ta gabanta kamar ayarin shugaba. Na ce ina ma Mama na nan.

Da muka iso tudun kotu ƙafafuna suka ce sun gama nasu. Sai na ji tafin Likita a bayana. Saurayin kuma ya kama kariya ta ɗaya gefen yana turawa.

"Taka, 'yata! Taka!"

"Taka! Taka! Taka!" layi ya karɓa har baya, don sun saba duk abin da aka faɗa sai an miƙa. Can ƙarshe na jiyo muryar Manaja, shi ma yana cewa taka, amma ina jin da kansa yake.

Daɗin nan da na danne tun a dogon titi ya ƙwace. Na kama dariya, ina hawa tudu ina dariya, hawaye na gudu zuwa kunnuwana, hular gini ta karkace ta rufe min ido ɗaya. Ban taɓa hawa tudun nan da sassafe ba sai a bas, a matse, da gwiwar wani a haƙarƙarina. Ashe daga samansa ana ganin rana na fitowa ta bayan kotu.

Anti na tsaye a ƙofar shago cikin fararen kaya, hannun agogon a ɗage. Mutum uku masu takardu na gefenta, ɗaya har ya fara kallon shagon tsallake. Na ja birki, birki ya ce bai ga dama ba, na sa silifas a ƙasa na ƙarasa tsayawa daidai ƙafarta. A bayana 'yan keken suka tsaya, takalma na ƙwas ƙwas.

Makullin na rataye a wuyana. Hannuna duk baƙin mai, sau biyu ina kuskuren ramin kwaɗon. A na uku ya shiga. Na ɗaga ƙofar ƙarfen ta tafi sama da ƙararta.

Anti ta kalli agogo. Ta daɗe tana kallo, kamar tana ba shi dama ya canza magana.

"Saura minti ɗaya," ta ce.

"Saura minti ɗaya!" in ji Manaja, wanda isowarsa ke nan. Layi ya karɓa, aka tafa, har masu takardun suka taya ba su san dalili ba.

Anti ta bi su da kallo, daga huluna zuwa wanduna, ta ɗan kawar da kai. "Waɗannan fa?"

"Rakiya suka yi min."

Kyaftin ya matso ya miƙo min kular da hannu biyu. Ya yi gyaran murya ya ce ƙungiya za ta zauna ta duba yiwuwar ba ni fom ɗin shiga, duk da cewa akwai batun kayan sawa. Na ce na gode, zan duba yiwuwar karɓa. Likita ta matse kafaɗata ta ce shida da kwata suke bin dogon titi, Litinin da Laraba da Juma'a, gurbin gefen Manaja kuma ba mai shi. Manaja ya tambaye ni a asirce inda ake samun irin keken nan. Na yi masa kwatancen rumfar Kawu, Allah ya ba Kawu haƙuri.

Sannan Kyaftin ya rage murya. "Af. Daga nan ta ina ake komawa babban titi?"

Na nuna musu. Suka jeru bibbiyu, aka busa usur, suka gangara.

Na kunna kwamfuta. Mai takardar farko ya zauna. Anti ta ajiye jakarta, ta miƙo min sabulu ba tare da ta dube ni ba.

"Wanke hannun nan kafin ki taɓa min farar takarda." Ta leƙa waje inda keken ke jingine da bango. "Gobe kuma ki shigo da shi ciki, kar a sace."

Na leƙa na dube shi ni ma. Ban ga ɓarawon da zai yi wa kansa wannan muguntar ba. Amma gobe ta ce, saboda haka na ce, "To, Anti."